Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra Ta Ƙasa Kan Warin Da Ke Tashi A Motocin Iyali

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa,
Hedikwatar Hukumar, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Masu wannan wasiƙa, waɗanda wasu magidanta ne da iyaye mata masu motocin gida a Arewacin ƙasar nan, suna neman aron hankalinka a kan wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami alhali rai yana iya salwanta ta dalilinsa. Al'amarin shi ne warin sinadari da kan ɓulla a cikin motar da ake kai yara makaranta da ita, a rasa daga inda yake fitowa, a kuma rasa wanda alhakin gano shi ya rataya a wuyansa.

Ba a kai ga yin magana a bainar jama'a ba sai da hanyoyin da aka saba bi suka ƙure. Mai mota yakan fara ne da garejin unguwa, inda bakanike zai ɗaga bonet ya shinshina, ya canza abin da ya fi zargi, ya karɓi kuɗin aikinsa. Idan warin ya dawo sai a tura shi wajen mai wayarin, mai wayarin ya tura shi wajen mai gyaran esi, daga nan kuma a zarce kemis saboda ciwon kan da yara suke kuka da shi. Wanda ya daure ya rubuta takarda ya kai ofis, amsar da yake samu ba ta wuce a ce masa wannan harkar man fetur ce, ko harkar ingancin kayan gyara, ko harkar lafiya, kowane ofishi yana nuna masa ƙofar maƙwabcinsa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma motar tana nan da warinta, kuma gobe da safe za a sake loda mata yara.

Dalilin da ya sa aka kawo kukan gabanka, Yallaɓai, a bayyane yake cikin doka. Hukumar da kake shugabanta, wadda aka kafa a 1988, dokarta ta 2007 ta ɗora mata nauyin hana aukuwar haɗurra, da wayar da kan masu tuƙi, da binciken musabbabin haɗari, da tsara ƙa'idojin amfani da hanya, kuma a ƙarƙashin wannan iko ne aka fitar da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012. Masu wasiƙar sun san cewa takardar shaidar lafiyar mota jihohi ne suke bayar da ita ta hannun jami'an duba ababen hawa da jama'a ke kira VIO, sun kuma san cewa man fetur da kayan gyara kowanne yana da hukumarsa. To amma hukumarka ce kaɗai take da jami'ai a kowace jiha, take da muryar da direbobi suke ji, take kuma da hurumin zama da sauran hukumomin ta ce ga giɓin da ya kamata a toshe. A cikin jerin laifuffukan da jami'anka suke kama masu mota da su akwai fitar da hayaƙi fiye da kima, akwai rashin abin kashe gobara, akwai tuƙa mota mai tawaya, waɗanda dukkansu abubuwa ne da ido yake gani daga waje. Iskar da mutanen cikin motar suke shaƙa, wadda ita ce ta fi kusa da rayuwarsu, ba ta cikin lissafin kowa.

Kuka na farko, wanda ya fi sauran nauyi, ya shafi hayaƙin salansa da ke komawa cikin mota. Idan inji ya ƙone fetur amma ƙonewar ba ta cika ba, yakan fitar da wata iska da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma da wari ko kaɗan, saboda haka ƙaurin da hanci yake ji na sauran abubuwan da suka rako ta ne, kuma raguwar ƙaurin ba ta nufin ita ta ragu. Ɓarnarta a jini take yin ta. Himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar oksijin ya rarraba wa sassan jiki, yana kama wannan iska da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin fiye da sau 200, ta yadda kaɗan daga cikinta, idan aka jima ana shaƙa, ya isa ya rage wa ƙwaƙwalwa da zuciya rabonsu. Alamominta na farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da gyangyaɗi, waɗanda a ƙasar nan babu wanda zai ji su bai ce zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar hanya ba ne. Hatta 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa a asibiti don auna oksijin, irin wadda aka fi samu, ba ta bambance jinin da ke ɗauke da wannan guba da lafiyayyen jini, don haka takan nuna lamba mai kwantar da hankali ga mutumin da yake cikin haɗari. Ƙananan yara da mata masu juna biyu su ne suka fi saurin cutuwa, domin jinin ɗan tayi ya fi na babba riƙe wannan iska.

Yadda hayaƙin yake shiga kuwa ba asiri ba ne. Mota idan tana gudu, iskar da ke bayanta takan yi sako-sako ta riƙa juyawa tana jawo hayaƙin salansa zuwa jikin ƙofar baya, kuma abin da yake hana shi shiga bai wuce robar da ta zagaye ƙofar but ba, da wasu 'yan tagogi masu murfin roba da ke ɓoye a bayan bamba waɗanda aka yi su don iska ta fita kada ta dawo, sai kuma robobin da suka toshe ramukan da ke ƙasan mota. Mai girma Shugaba ya fi kowa sanin cewa da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai sun taɓa yin haɗari, a nan ake buge su a miƙe, a yi musu walda da fenti. Fentin yakan fito yana sheƙi, amma robar da ta yage ba a canza ta ba, murfin tagar bayan bamba ya ɓace tun a can, ramin da aka zare robarsa don ruwan wanki ya tsiyaye an bar shi a buɗe. A manyan motocin gida masu layin kujeru uku, layin ƙarshe, wanda ya fi kusa da waɗannan kafofi, shi ne mazaunin yara. Lokacin tafiyar Salla ko biki kuwa, idan kaya suka yi yawa aka bar but a buɗe aka ɗaure shi da igiya, an buɗe wa hayaƙin babbar ƙofa ke nan, kuma direban da ya ji ƙauri ya ɗan sauke gilashin gefensa yana iya ƙara jawo shi ciki, domin iskar da ke wucewa ta gefen tagar tana zuƙe ta cikin motar, ta baya kuma ta shigo ta maye gurbinta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cire tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. A cikinta akwai wani dunƙule mai dubban ƙananan ramuka da aka shafe da ƙarafa masu tsada, wato filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda idan suka yi zafi suke mayar da mafi yawan kabon monoksaid zuwa iskar da ba ta da wannan guba. Tsadar ƙarafan ce ta sa tukunyar ta zama haja: wata sace ta ake yi a gareji, wata mai motar ne yake sayarwa da kansa idan aljihu ya yi zafi, wata kuma idan ta toshe sai a fasa ta a zubar da cikinta a mayar da kwanon wayam, a ce wa mai motar yanzu za ta fi jan hanya. Fitilar gargaɗin inji da kan kama a dashbod bayan haka, akan liƙa mata baƙin salatif ko a kashe ƙwanta kafin a kai motar kasuwa. Irin wannan mota ba ta fitar da baƙin hayaƙin da jami'i zai hango ya tsayar da ita, alhali gubar da take fitarwa ta ninka ta da sau da yawa.

Don kada a ce ana kambama abin da bai kai ya kawo ba, ga abin da ya faru a Amurka. A 2016 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar, NHTSA, ta buɗe bincike a kan ƙorafin jama'a na jin ƙaurin hayaƙi a cikin motocin Ford Explorer, binciken da daga baya ya haɗa ƙirar 2011 zuwa 2017, motoci kusan miliyan ɗaya da rabi. Ta duba ƙorafe-ƙorafe sama da 6,500, ta yi gwaje-gwaje, ta rufe binciken a Janairun 2023 ba tare da ta umarci a janye motocin ba. Abin lura shi ne inda ta ce ta sami gubar ta fi yawa: a motocin da aka huda jikinsu don ɗaura fitilu da jiniya ba a toshe ramukan da kyau ba, da kuma motocin da aka buge su ta baya aka gyara ba a mayar da toshiyarsu yadda take ba. Wannan na biyun shi ne ainihin halin da dubban motocin gida suke ciki a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri. Can an yi shekara shida da ɗoriya ana bin diddigin wari saboda akwai rajistar da mai mota zai shigar da ƙorafinsa. Nan kuwa, Ranka ya daɗe, mutum bai san ma wace taga zai leƙa ya faɗa ba.

Kuka na biyu shi ne warin fetur, wanda jama'a suka saba da shi har suka daina tsoronsa. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake kwantawa, a tsakanin ƙafafun fasinja da ƙarƙashin kujeru, kuma idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa ya tayar da wuta. Yana kuma ɗauke da sinadarin benzin, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na jini. A ƙananan motoci da yawa famfon mai yana cikin tanki ne, murfinsa kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. Famfon yana cikin abubuwan da ake yawan canzawa saboda dattin mai da yawo da tanki kusan wayam, kuma sau da yawa idan bakanike ya canza shi, tsohon zoben robar da ya riga ya bushe yake mayarwa, ko ya ɗaura murfin a karkace ya buga shi da sukundireba da guduma. Daga ranar, duk sanda aka cika tanki sai motar ta ɗauki wari, kuma daga ƙarƙashin mazaunin yara yake tasowa. Wani lokacin kuma tiyon mai ne ya tsage, ko zoben nozul ya saki, ko gwangwanin gawayin da ke tsotse tururin tanki ya cika ko an cire shi an yar. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, sayen mai a jarka da kwalba da ajiye shi a but ya zama ruwan dare, galibi a jarkar man girki da ba don fetur aka yi ta ba, a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya haura 60.

A nan ne ya kamata a tuna da abin da ya faru a farkon 2022. A ranar 8 ga Fabrairu na shekarar, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba man fetur, NMDPRA, ta sanar cewa an gano fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙa'idar ƙasar nan a kasuwa, kuma shugaban kamfanin mai na ƙasa na lokacin, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa jiragen ruwa huɗu ne suka kawo shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Metanol wani nau'in barasa ne mai guba da ake amfani da shi a masana'antu, wanda idan ya yi yawa a fetur yake kumbura robobi da tiyo ya kuma ci wasu ƙarafan hanyar mai. Motoci sun lalace, layukan mai sun yi makonni. Amma abin da ya fi dacewa da wannan wasiƙa shi ne bayanin da aka bayar na yadda man ya wuce masu dubawa: an gwada shi a tashar da aka ɗauko shi, an gwada shi a tashar da aka sauke shi, ya kuma ci jarrabawar duka biyun, saboda auna yawan metanol ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba gwadawa. Abin da ba a rubuta a takardar dubawa ba, ba a ganinsa ko da masu dubawar sun yi aikinsu da gaskiya, kuma iskar cikin mota a yau ba ta cikin takardar dubawar kowa.

Kuka na uku ya tattaro sauran ware-waren da kowanne yake nuni da cutarsa, da a ce akwai mai karanta su. Wari mai zaƙi-zaƙi tare da wani maiƙo da ke dusashe gilashin gaba daga ciki, da damshi a kafet ta gefen mai zaman banza, alama ce ta ruwan lagireto yana yoyo daga ƙaramin lagireton ɗumama ɗaki da ke bayan dashbod, ruwan kuma yana ɗauke da etilin gilaikol, wanda idan yaro ya sha yake lalata ƙoda. Warin ruɓaɓɓen ƙwai iskar haidurojin salfaid ce, tana fitowa ko dai daga tukunyar tace hayaƙi da ke fama da fetur mai yawan farar wuta, wadda ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2020 da rage ta a man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, ko kuma daga batirin da altaneta take yi wa cajin da ya wuce kima har ruwansa yana tafasa. Na biyun ya fi gaggawa, domin batirin yana fitar da haidurojin mai fashewa, kuma a wasu motocin ƙirar Jamus batirin yana cikin but ko ƙarƙashin kujera, da ɗan tiyon fitar da iska wanda akan manta a mayar idan an canza batir. Ƙaurin roba ko wari mai kama da ƙarnin kifi waya ce take narkewa, sau da yawa saboda fiyus ya ƙone an naɗa masa silin waya a madadinsa. Ƙaurin baƙin mai kuwa yoyo ne daga saman inji yana ɗiga a kan bututun salansa mai zafi.

Wani warin kuma ba motar ce ta haife shi ba, shigo da shi aka yi. Magidanci yakan fesa fiya-fiya a kujeru don kashe kyankyasai ya rufe gilasai, maganin ya shige soso ya yi kwanaki yana tashi duk sanda rana ta buɗe. Wanda ya dawo daga ƙauye da buhun wake ko masara da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari mai hayaƙi, yana tafe ne da iskar fosfin a bayansa, wadda warinta yake kama da tafarnuwa, kuma ba ta da makari a asibiti. Wannan ba laifin inji ba ne, amma a kan titi yake faruwa, kuma direban da ya shaƙa shi ne yake riƙe da sitiyari.

Kuka na huɗu shi ne rashin kayan aiki da rashin horo, domin gano tushen wari ba duba ba ne, aiki ne mai tsari. Yana farawa da tambayoyi: shin warin yana zuwa ne da sanyin safiya ko sai inji ya yi zafi, a tsaye ko a guje, sa'ad da aka taka totur a hawan tudu ko bayan an sha mai, yana ƙaruwa idan esi tana jawo iskar waje ko idan tana juya ta ciki, ya fi ƙarfi a gaba ko a baya, kuma wane gyara aka yi wa motar kafin ya fara? Amsoshin nan kaɗai sukan rage zargi daga goma zuwa biyu. Sauran aikin na na'urori ne da ba su da wata tsadar a zo a gani: na'urar auna kabon monoksaid da ke shiga aljihu, wadda za a ajiye a kujerar baya a zagaya da motar; na'urar hura farin hayaƙi cikin hanyar tururin mai ko cikin motar kanta don a ga inda yake tsiyaya; famfon matsa lagireto; mitar auna wuta, wadda za ta nuna ko cajin ya wuce bolt 14 da rabi; sai na'urar karanta kwamfutar mota, wadda duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 take da wajen jona ta. Kanikawan ƙasar nan ba su rasa basira ba, mutanen da suke tayar da injin da masu shi na asali suka fid da rai da shi, abin da suka rasa shi ne wanda zai nuna musu cewa hanci ba ma'auni ba ne. Hanci yakan saba da wari cikin 'yan mintoci, shi ya sa direba yake rantsuwa warin ya tafi, wanda ya shigo daga waje kuma ya toshe hanci. Mai motar da ya gaji da kashe kuɗi yakan koma ga turaren mota ko ya turara kujeru da turaren wuta, wanda bai da maraba da maigidan da karensa yake haushi da tsakar dare ya tashi ya ɗaure bakin karen ya koma barci.

A Ingila gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, wanda aka fara a 1960, yana kayar da motar da mai yake yoyo daga hanyarsa, ko salansarta take da babbar kafa, ko aka cire mata tukunyar tace hayaƙin da aka ƙera ta da ita. A nan gida, Legas da Abuja da wasu jihohi sun kafa cibiyoyin duba mota da kwamfuta, abin a yaba ne, amma abin da ke fita ta bakin salansa suke aunawa, ba abin da ke shiga huhun fasinja ba. A wurare da dama kuwa, sanin kowa ne, takardar lafiyar mota tana fitowa ne tare da sauran takardu ba tare da wani ya ko zagaya motar ba. Mai girma Shugaba ya san wannan, kuma masu wasiƙar ba su ga amfanin sakaya shi ba.

Kuka na ƙarshe ya shafi alƙaluman haɗari da kuma abin da ke tafe. Rahotannin hukumarka suna jingina haɗurra ga gudun wuce kima, da ƙwacewar mota, da gajiya, da barci a kan sitiyari. Direban da hayaƙi ya narkar wa hankali ya saki hanya, a ɗaya daga cikin waɗannan gurabe za a rubuta shi, domin ba a auna jininsa ba, ba a kuma duba salansar motar ba kafin a ja ta zuwa gefe. Masu wasiƙar ba su ce ga adadin irin waɗannan haɗurra ba; abin da suke cewa shi ne tambayar ba ta cikin fom, don haka amsarta ba za ta taɓa fitowa a rahoto ba. Ga shi kuma tun 2023 gwamnati tana ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ake matsawa a tukunya da ƙarfin matsi na ma'aunin bar 200, tukunyar kuma galibi a but ake ɗaura ta, bayan kujerar yara. Iskar ba ta da wari a asalinta, sai an zuba mata wani sinadari mai ɗoyi ake gane yoyonta. Fashewar da ta auku a wani gidan sayar da gas a birnin Benin a Oktoban 2024, wadda aka danganta da tukunyar da aka haɗa da walda ba bisa ƙa'ida ba, ta nuna cewa masu aikin gangan sun riga sun shiga wannan harka.

Bisa ga waɗannan dalilai, Ranka ya daɗe, masu wannan wasiƙa suna roƙonka, cikin ladabi, da ka sa a shigar da gwajin iskar cikin mota, da duba salansa tun daga inji har ƙarshenta, da robar but, da murfin famfon mai, cikin duban lafiyar mota na kyauta da hukumarka takan gudanar lokaci-lokaci, a kuma ba kowane ofishin shiyya na'urar auna kabon monoksaid ko da guda biyu ce, yadda magidancin da yake zargin motarsa zai iya kai ta a auna ya tafi da sakamako a rubuce. Suna roƙon a fara da gargaɗi da ba da wa'adin gyara, kada abin ya zama wata sabuwar ƙofar cin tara, domin ranar da aka fara cin tarar wanda ya kawo motarsa da ƙafarsa, ranar ce ta ƙarshe da wani zai kawo.

Suna roƙon ka zauna da hukumomin sufuri na jihohi a daidaita takardar duba lafiyar mota ta ƙunshi waɗannan abubuwa, a kuma hana ba da ita ga motar da aka buge ta baya aka gyara sai an tabbatar da toshiyarta. Suna roƙon a buɗe rajista guda, ko da ta lambar kiran hukumar ta 122 da jama'a suka riga suka sani ce, inda za a riƙa karɓar ƙorafin wari tare da nau'in mota da garin da aka sha mai, domin idan ƙorafi iri ɗaya ya taru daga gari ɗaya a mako ɗaya a sanar da NMDPRA ko hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON tun kafin abin ya bazu. Suna roƙon a ƙara layi a fom ɗin binciken haɗari da zai tambayi halin salansa da ko waɗanda suka tsira sun ji wari ko ciwon kai kafin aukuwarsa, a kuma rubuta wa Ma'aikatar Lafiya ta tunatar da ma'aikatan asibiti cewa idan iyali guda suka zo a tare da ciwon kai da amai bayan doguwar tafiya, a tambaye su halin motarsu.

Suna kuma roƙon hukumarka ta haɗa hannu da ƙungiyoyin kanikawa da masu gyaran jikin mota a shirya musu horo a garejinsu, cikin harshen da suke aiki da shi, ta nemi tabbaci daga masu kula da shirin CNG cewa duk gas ɗin da ake sayarwa an sanya masa wari, tukunyar kuma tana da hanyar fitar da yoyo zuwa waje. Kafin tafiye-tafiyen Salla da na ƙarshen shekara, suna fatan a ji sanarwa da Hausa a gidajen rediyon jihohi da tashoshin mota tana gaya wa jama'a kada a yi tafiya da but a buɗe da mutane a baya, kada a ajiye jarkar fetur ko buhun da aka sa wa magani a inda fasinja yake, kada a kwana ko a bar yara cikin mota inji yana aiki, kuma duk wanda ya ji ciwon kai ya kama kowa a mota lokaci guda ya tsaya ya kashe inji a fito a sha iska a nufi asibiti. Daga ƙarshe suna roƙon a ba su amsa a fili, ta kafar da wannan wasiƙa ta fito, wadda za ta bayyana abin da hukumar za ta iya yi da kanta, da abin da za ta miƙa wa wasu, da lokacin da za a fara.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Wassalam.

Daga masu biyayya gare ka,
Wasu magidanta da iyaye mata masu motocin gida.